Shan Iska a Kan Teku da Iyali

Ƙasar Gumel ba ƙasar ruwa ba ce. Tun daga Gagarawa har Maigatari a bakin iyaka, daga Sule Tankarkar har cikin birnin Gumel, babu kogin da ke gudu rani da damina. Jigawa ce da rairayi, sai tafkuna da kududdufai waɗanda su kan cika da damina, su ƙafe tun bazara ba ta yi ba. Yaron da ya tashi a nan, ruwan da ya sani shi ne na ƙasan rijiya, wanda sai an zura igiya gaba da yawa kafin guga ya taɓa shi, sai kuwa na famfo da na randa. In aka ce masa akwai wani ruwa wanda jirgi ke kwana da kwanaki a kansa ba a hangi gaɓa ba, zai ɗauka tatsuniya a ke yi masa.

To, ga shi zamani ya zo da wata al'ada ta shiga jirgin ruwa don shan iska kawai. Mutanen ƙasar nan da ke zuwa Umra ko fatauci su kan ji labarinta a Jidda da Dubai, wanda bai je ba kuwa ya kan ga hotunan jiragen a wayarsa ta hannu. Yadda abin ya ke, jirgi ya kan tashi daga wata tasha, ya yi kwana uku ko bakwai yana zagaya teku, yana tsayawa a garuruwan bakin ruwa, sa'an nan ya komo da mutane daidai inda ya ɗauke su. Kuɗin da aka biya ya haɗa da wurin kwana da abinci da wasanni. Masu jiragen kuwa babu wanda su ke zawarci kamar magidanci mai 'ya'ya, domin sun san shi ne ke sayen tikiti biyar ko shida a lokaci guda. Saboda haka ya kamata a duba ko abin ya kai kuɗinsa, tun magidanci bai sayar da bijimansa a kasuwar Maigatari ba.

Shiga jirgin ruwa da iyali ba baƙon abu ba ne ga Hausawa. Kafin jirgin sama ya yawaita, alhazai ta ƙasa su ke bi. Mutum ya kan tattara matarsa da 'ya'yansa, su nufi gabas ta Maiduguri, su ratsa ƙasar Cadi, su shiga Darfur, in guzuri ya ƙare su tsaya su yi ƙodago a gonakin auduga na Jazira shekara ɗaya ko biyu, kāna su isa Sawakin a bakin Bahar Maliya, su shiga jirgi su ƙetare zuwa Jidda. Waɗansu yaran a hanya aka haife su, waɗansu kuma a can Sudan su ka girma, jikokinsu na nan har yanzu. Masu hali kuwa ta Ikko su ke bi. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ta nan ya shiga jirgin ruwa a 1921, ya biya ta Ingila, ya wuce Makka. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta isa Nguru a 1930, ta bi ta Gagarawa, mutumin ƙasar Gumel ya sami ikon hawa jirgi a tashar ƙasarsu, ya sauka Kano, ya sake wani har bakin teku. A can kamfanin Elder Dempster ke da jiragen fasinja masu zuwa Ingila. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Aureol, wanda ya fara aiki a 1951, yana yin kamar mako biyu tsakanin Ikko da Libaful, yana tsayawa a Gana da Saliyo da tsibiran Kanari. Ɗalibai da ma'aikata da yawa a cikinsa su ka fara ganin teku. A 1974 aka daina wannan zirga-zirga, domin jirgin sama ya kwashe fasinjojin. Abin mamaki, da aka sayar da Aureol, Jidda aka kai shi aka ɗaure, ya zama masaukin ma'aikata.

Duk waɗannan mutane akwai inda su ka nufa. Jirgi a wurinsu abin hawa ne, kamar raƙumi ko jaki, wahalarsa kuma a kan jure ta saboda abin da ke gaba. Jirgin shan iska kuwa shi kansa ne wurin zuwa, watau mutum na biyan kuɗi ne don zaman cikin jirgin. Wannan shi ya sa lissafinsa ya bambanta.

Jiragen yanzu sun wuce yadda mai karatu ke zato. Akwai wani mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar mutane daga Miyami ta Amurka a watan Janairu na 2024. Tsawonsa mita 365, hawansa 20, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000. Aureol da a ke ji da shi, fasinjojinsa ba su kai 400 ba. Cikin irin wannan jirgi akwai kantuna, da ɗakunan cin abinci, da wuraren iyo, da filin wasa, da ɗakin likita. Gari ne guda aka ɗora a kan ruwa.

Ba a hana shi yabonsa. Duk wanda ya taɓa tafiya da ƙananan yara a mota ya san abin da ke cikinta: wannan na kuka, wancan na jin fitsari, a sauke kaya a wannan masauki, gobe a sake ɗaure su. A jirgin ruwa sau ɗaya a ke kwance kaya. Mutum ya kwanta da dare a wata ƙasa, ya farka da safe a wata, gadonsa bai sake ba. Uwargida kuma, wadda ko da salla ba ta rabuwa da murhu, ta sami kwana bakwai ba ta hura wuta ba, ba ta yi wanke-wanke ba. Maza da yawa ba su kan sa wannan cikin lissafi, alhali kuwa watakila shi ne mafi girman amfanin tafiyar. Akwai kuma ɗakin wasa inda ma'aikata ke kula da yara, galibi daga 'yan shekara uku zuwa sama, ba tare da ƙarin kuɗi ba da rana.

Amma babban abin da ɗan ƙasar Gumel zai samu shi ne tekun kansa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Malami ya daɗe yana gaya wa yaro a aji cewa duniya a dunƙule ta ke kamar lemo, yaro yana amsawa don gudun bulala. Ran da ya tsaya a doron jirgi ya ga wani jirgin yana tafiya nesa, gindinsa ya fara ɓacewa kafin samansa, ran nan zai yarda da zuciyarsa. Zai ɗanɗana ruwan ya ji gishiri, ya gane dalilin da mutum ke iya mutuwa da ƙishirwa a tsakiyar teku. In ya yi tambaya, za a gaya masa cewa ruwan da ya ke sha a jirgin yawancinsa daga tekun nan aka ɗebo shi, injuna su ka raba shi da gishirinsa, ko dai ta hanyar tafasa shi a tara tururin, ko ta hanyar matsa shi da ƙarfi ta cikin wata matata mai ƙananan ƙofofi ƙwarai. Yaron da ya saba bin layi da jarka a bakin famfo ba zai manta da wannan ba. Wa ya sani ko shi ne wata rana zai zama injiniyan ruwa na jiharsu? Zai ga kuma tashar jiragen kaya, da manyan ƙugiyoyi masu ɗaga akwatunan ƙarfe, ya san ta inda riɗi da zoɓorodon da ubansa ya noma ke bi su isa ƙasashen waje. Wannan ilmi ne na gaske, ba a kuwa sayar da shi a kanti.

Sai dai kafin a kai ga teku akwai tudu. Jiragen shan iska ba su da tashar tashi a Ikko. Wanda ke so sai ya bi su inda su ke, ko Jidda, ko Dubai, ko Darban ta Afirka ta Kudu, ko garuruwan Bahar Rum irin su Basalona da Janowa. Baturen Italiya ya kan shiga motarsa da 'ya'yansa ya isa tasha cikin awa biyu. Mutumin Sule Tankarkar kuwa sai ya je Kano, ya sayi tikitin jirgin sama na kowa da kowa, zuwa da dawowa, ya kuma biya masauki na daren da zai kwana kafin jirgi ya tashi, domin wanda ya makara ba a jiransa, kuɗinsa kuma ya tafi. Sau da yawa kuɗin isa tasha ya kan fi kuɗin jirgin ruwan kansa. Kowane yaro sai da fasfonsa, ko da jinjiri ne. In Bahar Rum aka nufa sai da bizar ƙasashen Turai, wadda tun watan Yuni na 2024 kuɗinta Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 12. In aka hana mutum bizar, ba a mayar masa da ko anini.

Sa'an nan tallar da a ke yi ba ta faɗin duka. A kan rubuta da manyan baƙaƙe cewa yara kyauta ne, amma a ƙasa da ƙananan baƙaƙe akwai harajin tasha da su ma za a biya musu. Yawancin ɗakunan jirgi ba su ɗaukar fiye da mutum huɗu, ba su kuma fi ɗakin soro ƙarami ba, mafi arha daga cikinsu ko taga babu. Turawa sun yi ɗakunan ne da awon gidajensu, mata da miji da 'ya'ya biyu. Magidanci mai 'ya'ya huɗu dole ya kama ɗaki biyu, galibi kuma sai an sami babba a kowane ɗaki. Akwai kuma tukuicin ma'aikata, wanda ba ganin dama ba ne kamar yadda aka saba a gida, rubuta shi a ke yi a kan kowane mutum kowace rana. A 2024 wani babban kamfanin Amurka yana karɓar dala 18 a kan kowane kai, babba da yaro. Mai karatu ya ɗauki alƙalami ya gwada lissafin da ya koya a aji: mutum shida, kwana bakwai, dala 18, ya kama dala 756 ke nan. A shekarar 2024 dala ɗaya ta kai wajen Naira 1,500, watau tukuici kaɗai ya haura Naira miliyan ɗaya da dubu ɗari. Ba a zo ga lemon kwalba ba, da motar zaga gari in an sauka, da hoton da mai hoto zai ɗauka, da kuɗin yin waya gida. Waɗannan duka daban a ke biya.

Akwai wani lissafin kuma da ba ya cikin takardar kamfani. Mai mata biyu ko uku, da wa zai tafi? In ya ɗauki ɗaya da 'ya'yanta, ya ɗauki bashin sauran, kuma bashi ne da ba a yafewa da sauƙi. 'Ya'yan ɗakin da aka bari za su ga hotuna, za su kuma riƙe abin a zuci har girmansu. Wanda ba shi da ƙarfin yi wa kowane ɗaki, gara ya bar kowa a gida ya sayo rago a ci tare.

Lokaci ma abin dubawa ne. Babban hutun makaranta ya kan faɗo a tsakiyar damina, sa'ad da gero ke bukatar mai shi, kuma a daidai lokacin ne kuɗin jiragen Bahar Rum ke tashi, don Turawa ma suna hutu. Jiragen Bahar Maliya da na wajen Dubai kuwa da sanyi su ka fi yin aiki, bayan kaka, an cika rumbu, an sayar da riɗi. Wannan ya fi dacewa da manomi.

Game da shekarun yara, a nan ne iyaye su ka fi yin kuskure. Yawancin kamfanoni ba su karɓar jaririn da bai kai wata shida ba, ba su kuma ɗaukar macen da cikinta ya kai mako 24, domin ɗakin likitan jirgi ba asibitin haihuwa ba ne. Yaron da bai daina sa ƙunzugu ba, ba a barinsa shiga babban wurin iyo. Ɗan shekara biyu ko uku kuwa, ko an kai shi, me zai tuna? In ya girma sai dai a nuna masa hoto a ce ga shi nan. Uwarsa kuma hutun da aka ce za ta yi ya zama goyo da bin yaro daga bene zuwa bene. Sai yaro ya kai kamar shekara bakwai ko takwas, ya iya karatu, ya iya tambaya, ya iya riƙe lambar ɗakinsu a ka, sa'an nan kuɗin da aka kashe a kansa zai bar wani abu a ƙwaƙwalwarsa. Ɗakin wasan da a ke yabo kuma, da Turanci ko Italiyanci ko Larabci a ke magana a ciki. Yaron da Hausa kaɗai ya ke ji, sai ya rakuɓe a gefe ya zuba ido, in an jima ya fashe da kuka a kira uwarsa.

Jirin teku gaskiya ne. Dalilinsa, a can cikin kunne akwai abin da ke gaya wa mutum ko yana tsaye ko yana motsi. In jirgi na lilo, kunne ya ce ana motsi, ido kuwa yana kallon bangon ɗaki ya ce a tsaye a ke, sai ciki ya rikice, amai ya taso. Yara daga shekara biyu zuwa goma sha biyu sun fi kowa kamuwa da shi. Manyan jirage suna da waɗansu fukafukai a ƙarƙashin ruwa masu rage lilon, ɗakin da ke tsakiyar jirgi a ƙasa-ƙasa kuma ya fi kwanciyar hankali. Maganinsa na farko shi ne a fita waje a dubi inda sama ta haɗu da ruwa. Yaron da ke amai a mota tsakanin Gumel da Kano, iyayensa sun riga sun sami gargaɗi.

Abin da ya fi jiri haɗari shi ne wurin iyo. 'Ya'yan Turawa tun suna ƙanana a ke koya musu iyo. 'Ya'yan jigawa kuwa a ina za su koya? Yaro ya ga tsaransa na tsalle suna faɗawa, shi ma ya bi, alhali ruwan ya fi ƙarfin tsayinsa. Nitsewar yaro ba ta da ƙara, kuma ba ta ɗaukar lokaci. Uban da ke zaton zai miƙa 'ya'yansa ga ma'aikata ya tafi ya miƙe ƙafa, bai fahimci abin da ya saya ba. Cuta kuma ba ta da wuyar yaɗuwa inda dubban mutane ke cin abinci wuri guda. Gudawa da amai su kan yaɗu a jirgi, shi ya sa a ke ta matsa wa mutane da wanke hannu. A watan Fabrairu na 2020, farkon annobar korona, an tsare jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki, fiye da 700 su ka kamu. Ganin likitan jirgi kuma da kuɗi ne, kuɗi mai yawa, don haka ba a shiga sai da inshora. Nitsewar jirgi dai abu ne mai wuyar aukuwa, amma ya kan auku: Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar Italiya a watan Janairu na 2012, mutum 32 su ka rasu. Tun daga 2015 doka ta tilasta a koya wa fasinja hanyar tsira kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Kada magidanci ya raina wannan darasi. Ya kama hannun kowane yaro ya nuna masa wurin taruwa, ya tabbata akwai rigar hana nitsewa daidai jikinsa.

Saura maganar tarbiyya. Yawancin jiragen nan an yi su ne bisa al'adar masu su. Ana sayar da giya a kowane hawa, akwai ɗakin caca, tufafin bakin wurin iyo kuma ba irin waɗanda aka saba gani a Gumel ba ne, cikin jirgi kuwa babu wata unguwar da mutum zai ƙaura. Naman da a ke dafawa ba lalle yankan Musulmi ba ne, sai an tambaya tun kafin a biya. Wanda wannan ya dame shi yana da mafita yanzu: a watan Disamba na 2024 wani kamfanin Saudiyya ya fara tafiyar da jirgi mai suna Aroya daga Jidda, babu giya, babu caca, abincinsa halal, da wurin salla a ciki. Alƙibla dai sai an riƙa tambaya, don jirgi na juyawa ba a sani ba.

Da an auna duka, ga inda ma'auni ya rinjaya. Ga mutumin da rumbunsa ke cike, ya biya kuɗin makaranta, ba bashi zai ci ba, ba gona ko shanun huɗa zai sayar ba, 'ya'yansa kuma sun yi wayo, tafiyar ta kai kuɗinta sau ɗaya, musamman in an haɗa ta da Umra, tun da an riga an biya jirgin sama zuwa Jidda. Gajeriya ta kwana uku ko huɗu ta isa. Amma fa sai in uban zai yi aikinsa, domin manyan jiragen nan an gina su ne yadda mutum zai manta yana kan ruwa. Yaro na iya kwana bakwai tsakanin ɗakin wasa da teburin alawa, ya komo gida bai dubi teku sau biyu ba. Garuruwan da a ke tsayawa ma awa bakwai ko takwas ne, a ga bakin kasuwa a komo da gudu. In haka za a yi, wuraren wasan yara na Kano sun wadatar, da kuɗin mota kawai. Sai uba ya tashe su da asuba ya fita da su doron jirgi su ga fitowar rana daga cikin ruwa, ya buɗe musu taswira kowace safiya su nemo inda su ke, ya sa babban ya rubuta abin da ya gani kowace rana don ya karanta wa kakarsa.

Wanda bai kai wannan ƙarfi ba, kuma su ne mafi yawa, ruwa bai yi masa nisa kamar yadda ya ke zato ba. Fadamar Haɗeja da Nguru maƙwabciya ce, ana zuwa a komo a yini guda. Bayan damina ruwa kan malale ta, masunta na jefa taru, tsuntsaye kuma na zuwa tun daga Turai su yi hunturu a wajen Baturiya. Nan yaro zai fara shiga kwale-kwale, ya ji yadda ƙasa ke kuɓuce wa ƙafa, uba kuma ya gane wane ne cikin 'ya'yansa mai jiri, wane ne mai rawar kai a bakin ruwa. Sharaɗi ɗaya ne: kada a shiga kwale-kwalen da aka cika maƙil, kada a shiga bayan magariba, a kuma nemi rigar hana nitsewa ko da mai jirgin ya yi dariya.